Bin Bashi Tsakanin Garwa da Yola, Jiya da Yau

Tunda bana ma Allah Ya nuna mana zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, shugabanni suka ce in rubuta wani abu na tarihi. Na ɗauki tambayar da aka fi kawowa teburina: wanda ya karɓi kaya bashi a Garwa ya tsallaka Najeriya, wa zai karɓo wa mai kaya haƙƙinsa, musamman in gwamnatocin biyu ba sa ga maciji?

Kakanninmu ba su san wannan matsala ba. Garwa tana cikin ƙasar Fombina, Lamiɗonta yana bin na Yola, Yola kuma tana bin Sakkwato. Alƙalan garuruwan biyu fikihun Malikiyya suke dubawa, fikihu kuwa ya san da takardar alƙali zuwa ga alƙali. In shaidu sun tabbatar da bashi a nan, sai alƙali ya rubuta ya buga hatimi, ɗan uwansa na can ya zartar.

A 1901 aka tsinke wannan igiya. Turawan Ingila suka ci Yola a watan Satumba, Lamiɗo Zubairu ya bar gari, kafin shekara ta ƙare Jamusawa sun kama Garwa. Da yaƙin duniya ya tashi a 1914, masu mulkin garuruwan biyu suka zama abokan gaba. Sojan Ingila daga Yola sun kawo wa Garwa hari a watan Agusta aka kore su, sai a Yunin 1915 garin ya faɗi, daga baya ya zama rabon Faransa. A irin wannan lokaci wace takardar hukuma za ta ƙetara? Abin da ya rage wa bafatake shi ne maigidansa a zango, wanda ke saukar da shi, ya samo masa dillali, ya kuma tsaya masa. In baƙo ya gudu da bashi, maigidan ake riƙewa, shi kuma ya aika wa takwaransa na can. Wanda sunansa ya ɓaci a zango ɗaya, da wuya wani zango ya sake ba shi ko turmin atamfa.

Bayan samun 'yanci ma zaman bai daidaita nan da nan ba. A ƙuri'ar Fabrairun 1961 yankin Mubi ya zaɓi Najeriya. Shugaba Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, bai ji daɗi ba, har Kamaru ta kai Ingila ƙara kotun duniya, wadda a 1963 ta ƙi yanke hukunci. A 1972 ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar taimakon juna kan shari'a. Amma takarda daban, hanya daban. Dattawanmu na tuna Afrilun 1984, da Najeriya ta rufe iyaka ta canja kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Masu tsohuwar naira a wannan ɓangare sun ji jiki, kuma rigimar wa zai ɗauki asara, mai bin bashi ko wanda ake bi, a zaure aka fi kashe ta.

Sai rikicin Bakasi da ƙauyukan Darak na tafkin Cadi, wanda ya shiga kotun duniya a 1994, aka yanke shi ranar 10 ga Oktoba 2002. Ba a kai ga yanke hulɗar jakadanci ba, amma a ganina ga ɗan kasuwa bambancin kaɗan ne.

Har yau hukuncin kotun Yola ba ya aiki a Garwa kai tsaye. Sai an kai shi gaban alƙalin nan, wanda da Faransanci yake aiki, ya ba da izinin zartarwa. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, Najeriya kuma ba ta cikin OHADA, wato dokokin kasuwanci da Kamaru ke bi. Kuɗin lauya da na tafinta kan iya haɗiye bashin buhu ashirin na shinkafa.

Shi ya sa littafin ofishinmu yake gadon aikin maigidan zango. Mai ba da kaya bashi zuwa ƙetare ya zo da abokin cinikinsa da shaidu biyu, a rubuta ranar biya, a kuma faɗi ko da naira za a biya ko da sefa, da farashin canji na ranar.