Abin da Rumawa Suka Binne a Ƙarƙashin Ƙafa

A cikin sassan gida, daɓe ne ya fi wuyar gyara. Rufi idan ya yi yoyo sai a hau a sake kwano, bango idan ya tsage sai a yaɓe. Amma abin da aka binne a ƙarƙashin tayil ya binnu ke nan; kafin a kai gare shi sai an kwashe kaya, an fitar da iyali, an fasa ɗaki. Maginan Daular Rum sun gane haka fiye da shekara 2,000 da suka wuce, har ɗaya daga cikinsu ya rubuta ƙa'idar aikin daki-daki.

Sunansa Vitruvius, magini ne kuma injiniyan soja. Tsakanin shekara ta 30 zuwa ta 15 kafin miladiyya ya wallafa littafin De Architectura mai juzu'i goma, ya sadaukar da shi ga Sarki Augustus. Juzu'i na bakwai ya buɗe shi da batun daɓe, kuma ya fara da ƙasar da za a yi gini a kanta: idan mai ƙarfi ce a daidaita ta, idan ciko ce a kirɓe ta har ta zauna.

Daga nan sai hawa huɗu, kowanne da aikinsa. Na farko, wanda Rumawa ke kira statumen, duwatsu ne waɗanda kowanne ya kai ya cika tafin hannu. Giɓin da ke tsakaninsu yana hana ruwan ƙasa hawa sama. Na biyu, rudus, tsakuwa ce kashi uku da farar ƙasa kashi ɗaya, wadda ayarin ma'aikata ke duka da itatuwa har kaurinta ya tsaya a wajen santimita 22. Wannan hawan ne ke ɗaukar nauyi. Na uku, nucleus, dakakken jan bulo ne kashi uku da farar ƙasa kashi ɗaya, mai kaurin yatsa shida, wato wajen santimita 11, kuma shi ke ba da shimfiɗa mai laushi wadda ruwa ba ya ratsawa da sauƙi. A samansa ake jera marmara ko ƙananan duwatsun ado bisa ma'auni. Wanda ya taɓa ganin mata suna daɓe a ƙasar Hausa, suna duka da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba, ya san sirrin hawa na biyu: yawan duka ne ƙarfin daɓe.

Abin lura a nan shi ne lissafi. Hawa biyu na tsakiya kaɗai sun kai santimita 33, ban da duwatsun ƙasa da adon sama. Maginin da bai ware wannan zurfi tun daga haƙa harsashi ba, zai tarar daɓensa ya haura bakin ƙofa.

Vitruvius ya kuma kula da sanyi. Ya bayyana yadda Girkawa ke yin daɓen ɗakin cin abinci na lokacin hunturu. Suna haƙa ƙasa wajen santimita 60, su shimfiɗa ɓaraguzai da gangare zuwa magudana, su zuba gawayi su tattake shi, sannan su rufe da kwaɓin yashi da farar ƙasa da toka. Ruwan da ya zube a kai nan da nan yake tsotsewa, bayin da ke hidima ba takalmi kuma ba sa jin sanyi a ƙafa. Dalilin a yau sananne ne: gawayi cike yake da ƙananan ramuka masu riƙe iska, iska kuwa idan ta tsaya cik ba ta saurin wucewa da zafi.

Bayan rushewar daular, littafin ya ci gaba da rayuwa a hannun masu kwafi a gidajen ibada na Turai, har aka buga shi a birnin Rum wajen 1486. Kayan aiki suka riƙa sauyawa a hankali. A 1824 Joseph Aspdin, wani magini a Leeds ta Ingila, ya yi rajistar simintin Portland, kankare ya gaji rudus. A 1933 masanan kamfanin ICI suka gano sinadarin da ake yin leda da shi, ledar da yanzu ake shimfiɗawa ƙarƙashin kankare domin tare danshi. A farkon shekarun 1950 kamfanin BASF na Jamus ya fito da Styropor, farin soson nan mara nauyi wanda kusan dukkansa iska ce, ya karɓi aikin gawayin Girkawa.

Duk da haka, shekaru da dama aka yi ana zuba kankare kai tsaye a kan ƙasa, domin makamashin ɗumama gida yana da araha. Tsadar man fetur ta 1973 ce ta sauya lissafin. A 1977 Jamus ta Yamma ta kafa dokarta ta farko kan hana zafi zurarewa daga gine-gine, kuma a hankali shimfiɗar soso ta zama sashe na daɓen sabon gida a ƙasashen sanyi.

Daɓen zamani har yau yana bin jerin Vitruvius: ƙasa kirɓaɓɓiya, duwatsu, ledar tare danshi, kankare, soso inda yanayi ya buƙata, yaɓen daidaitawa, sannan tayil. Kowane hawa yana cin santimitocinsa, ga bututun ruwa da na wuta da ke neman wuri a ciki. Jimillar kaurin ce ke yanke tsayin bakin ƙofa, da matakalar farko ta bene, da tazarar da ta rage zuwa silin. Saboda haka ake fara lissafi daga saman tayil a gangara ƙasa, tun ginin yana kan takarda. Idan aka bar shi sai an ɗora ƙofofi, hawan da ido ba ya gani shi ake fara ragewa, damina ta farko kuwa za ta nuna shi a gindin bango.