Matsayin Shakka a Tarbiyyar Ruhi: Nazari a Kan Rayuwar Imam Al-Ghazali

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ko shakka, da hujjojin masu musun samuwar Allah, suna iya taimaka wa mutum wajen inganta imaninsa. An ɗauki rayuwar Imam Abu Hamid Al-Ghazali (1058-1111) a matsayin abin nazari, bisa abin da ya faɗa da kansa a littafinsa Al-Munƙidh minal Dalal. Binciken ya gano cewa shakkar mai neman gaskiya tana raba shi da koyi ido rufe, tana kuma tona masa asirin niyyarsa. Mulhidanci kuwa, in aka riƙe shi a matsayin aƙida, ba ya raya ruhi, sai dai tambayoyinsa sukan tilasta wa mumini ya gyara hujjarsa.

Fitilun kalmomi: shakka, yaƙini, taƙlidi, mulhidanci, Al-Ghazali.

1.0 Gabatarwa

A wurin mutane da dama, mai shakka da wanda ya bar addini ɗaya suke. Wannan fahimta ta sa matasa da yawa suna haɗiye tambayoyinsu a gaban malamai, su kai su intanet, inda duk wanda ya ga dama yake ba da amsa. Alhali nassi bai ɗauki kowace tambaya a matsayin ridda ba. Suratul Baƙara, aya ta 260, ta ba da labarin Annabi Ibrahim (AS) yana roƙon a nuna masa yadda ake rayar da matattu, domin zuciyarsa ta ƙara natsuwa a kan imanin da yake da shi. A cikin Sahihu Muslim kuma, wasu sahabbai sun kai kukan munanan tunani da suke jin nauyin furtawa, Manzon Allah (SAW) ya nuna musu cewa wannan jin nauyin alama ce ta tsantsar imani.

An zaɓi Al-Ghazali ne saboda ya rubuta labarin shakkarsa da hannunsa, kuma malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna karantar da littafinsa Ihya'u Ulumiddin a zaurukansu. Hanyar da aka bi ita ce ƙwanƙwance bayanansa tare da auna su da abin da tarihi ya tabbatar.

2.0 Shakka ta Farko: Me Hankali Ya Sani?

An haifi Al-Ghazali a Ɗus, cikin ƙasar Khurasan, ya yi karatu a Naisabur a hannun Imamul Haramaini Al-Juwaini. Abin da ya fara tayar masa da hankali shi ne ganin 'ya'yan Kirista suna tashi Kirista, na Yahudu suna tashi Yahudu, na Musulmi suna tashi Musulmi. Sai ya tambayi kansa: a cikin abin da na yi imani da shi, nawa ne na sani, nawa ne kuma na gada kawai?

Ya fara da gaɓɓan ji da gani, ya tarar ido yana ganin inuwa kamar a tsaye take alhali tafiya take yi, yana kuma ganin tauraro kamar kwabo alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Ya koma ga hankali, wanda yake hukunta cewa goma ta fi uku yawa. Nan ma tambaya ta biyo shi: tunda hankali ya ƙaryata ido, me zai hana wani alƙali da ya fi hankali ya ƙaryata shi, kamar yadda mai barci yake gaskata mafarkinsa har sai ya farka? Ya yi kusan wata biyu a wannan hali. Ya bayyana cewa jera hujjoji bai fitar da shi ba, wani haske ne da Allah ya jefa a ƙirjinsa ya dawo masa da amincewa da hukuncin hankali.

Abin lura shi ne bai koma inda ya baro ba. Ya kwatanta taƙlidi da gilashi: da zarar mutum ya gane cewa koyi kawai yake yi, gilashin ya fashe, liƙi kuma ba ya gyara shi, sai an narka shi an sake ƙera wani. Wannan ce fa'idar shakka ta farko. Ta mayar da shi mai bincike, har ya bi hanyoyi huɗu na masu neman gaskiya a zamaninsa ɗaya bayan ɗaya: malaman kalam, Baɗiniyya, masu falsafa da Sufaye.

3.0 Karo da Masu Musun Mahalicci

Al-Ghazali ya kasa masu falsafa kashi uku. Akwai Dahariyya, masu cewa duniya ta kasance haka tun azal ba tare da mahalicci ba. Akwai masu nazarin ɗabi'ar halitta, waɗanda suka yarda da mahalicci amma suka musanta tashin ƙiyama. Sai masu nazarin allahntaka irin su Aflatun da Aristo, da waɗanda suka bi su a cikin Musulmi kamar Al-Farabi da Ibn Sina. Bai karɓi ra'ayin Dahariyya ba ko kaɗan, amma ya ƙi ya yi raddi a kan abin da bai sani ba. Ya shafe kusan shekara biyu yana karanta littattafan falsafa, sannan ya rubuta Maƙasidul Falasifa domin bayyana ra'ayoyinsu, da Tahafutul Falasifa inda ya ƙalubalance su a mas'aloli 20.

Karatun nan ya buɗe masa ido a kan wata ɓarna da ke cikin gida. Ya ga masu kishin addini marasa ilimi suna ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare Musulunci, ya kuma yi gargaɗin cewa wanda ya san tabbacin wannan lissafi zai ɗauka addinin ne aka gina a kan jahilci. A nan rawar mai musu take. Yakan gano raunin hujjar da mumini ya saba jingina da ita, mumini kuma ya ribanta idan ya jefar da raunanniyar hujja ya nemi ƙaƙƙarfa. Irin haka ta faru da likitan Masar Mustafa Mahmud (1921-2009), wanda ya daɗe cikin kokwanto kafin ya rubuta Rihlati minash Shakki ilal Iman, sannan ya gina masallaci da asibitin taimakon marasa ƙarfi a Alƙahira.

4.0 Shakka ta Biyu: Don Wa Nake Yi?

A shekarar 1091 waziri Nizamul Mulk ya naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, inda ɗalibai 300 suke zama a gabansa. A Rajab na 488 Hijira (1095) ya binciki niyyarsa, ya tarar neman suna da matsayi ne ke tafiyar da karantarwarsa. Kusan wata shida yana kai-kawo tsakanin tafiya da zama, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ma ya gagare shi. A Zulƙida ya bar Bagadaza ya nufi Dimashƙa, daga nan Baitul Muƙaddas da Makka, bai koma koyarwa a makarantar hukuma ba sai 1106 a Naisabur. A wannan tsakani ya rubuta Ihya'u.

Ya tabbatar da cewa a wannan karon imaninsa da Allah da annabci da ranar lahira yana nan daram. Kansa ya tuhuma, kuma wannan tuhuma ce ta fi sauya rayuwarsa. Wasu manazarta, kamar Kenneth Garden, suna ganin ya rubuta Al-Munƙidh ne domin kare kansa daga masu sukarsa bayan komawarsa Naisabur. Ko da haka ne, barin kujerarsa a 1095 abu ne da tarihi ya tabbatar.

5.0 Iyakar Shakka

Al-Ghazali bai ɗora wa kowa bin wannan hanya ba. Littafinsa na ƙarshe, Iljamul Awam an Ilmil Kalam, yana hana jefa gama-garin mutane cikin muhawarar da ba ta dame su ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754-1817) ya tsaya a kusa da wannan matsayi lokacin da wasu ɗaliban tauhidi suka riƙa kafirta talakawa don sun kasa kawo hujjojin aƙida yadda suke a littattafai. Shehu ya yi musu raddi a rubuce-rubuce da dama, yana tabbatar da ingancin imanin talaka. Ke nan wanda zuciyarsa ta natsu ba a tsokano masa shakka, wanda kuma ta riga ta same shi ba a rufe masa baki.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa shakka tana amfani idan ta cika sharuɗɗa uku: mai ita yana neman gaskiya da gaske, yana shirye ya yi karatu mai zurfi, kuma yana tuhumar niyyarsa kamar yadda yake tuhumar abin da ya gada. Don haka maƙalar tana ba da shawarar a riƙa koyar da Al-Munƙidh a sassan nazarin addinin Musulunci na jami'o'i da manyan makarantun Islamiyya, a kuma horar da malamai yadda za su saurari mai tambaya ba tare da gaggawar yanke masa hukunci ba. Matambayi ba ya ɓata, muddin ya sami malamin da ya san amsa kuma yake da haƙurin sauraro.