Awon Ƙasa a Bodinga da Shagari: Daga Sunaye zuwa Ma'auni

Tun zamanin da Shehu Usmanu yake Sifawa, ƙanensa Abdullahi kuwa yana Bodinga, watau kafin Shehu ya koma Sakkwato a 1815, noma ke riƙe da wannan yanki har kudu wajen Shagari. Manomi yana da nasa awo, a cikin harshe yake. In ya ce jigawa, rairayi ne na gero. Fadama, laka mai riƙe ruwa. Fako kuwa ƙasa ce da ta ƙeƙashe, ruwan sama ba ya shigarta. Gawo shaidar ƙarfin gona ne, wuta-wuta shaidar gajiyarta.

Amma suna ba ya faɗin yawan ɓarna. A 1935 Stebbing, Baturen gandun daji, ya ce Sahara tana cin Arewa. Hukumar Ingila da Faransa ta 1936 zuwa 1937 ta bi iyaka ta duba, ba ta yarda ba. Da ido aka yi gardamar, sa'an nan farin 1973 ya sake tayar da ita.

Yanzu akwai tsarin cibiyar ICRAF ta Nairobi: fili mai kilomita 10 kowane gefe, a ɗebi ƙasa a wurare 160, ta sama zuwa santimita 20, ta ƙarƙashi zuwa 50, a auna yadda ruwa ke nutsewa. A ganina, duk mai irin wannan awo a Bodinga ko Shagari ya kamata ya rubuta sunan da mai gona ya kira wurin, don fako sai an fasa shi kafin dashe ya kama, jigawa kuwa taki take nema.