Lissafin APRI: yadda ake haɗa gwaje-gwajen jini don duba hanta

Majinyacin da aka turo daga Tsafe ko Bungudu zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau saboda ciwon hanta nau'in B yakan koma gida da takardar gwaji cike da lambobi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke nuna halin da hanta take ciki ita kaɗai. Shi ya sa likitoci ke dunƙule sakamako daban-daban su zama lamba guda. Masu bincike suna yin irin wannan da kwamfuta, su taƙaita dubban awo na jini da ƙwayoyin halitta zuwa 'yan kaɗan. A asibiti kuwa, APRI na cikin mafi sauƙi.

An ƙirƙiro shi a 2003. Yana haɗa AST, sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan hanta ta ji rauni, da yawan ƙwayoyin daskarar da jini, wato filatilet, waɗanda ke raguwa idan hanta ta yi tabo. Ana raba AST da iyakar ƙa'idarsa, a raba abin da ya fito da yawan filatilet, a ninka sau 100. Misali, AST 48, iyaka 40, filatilet 200: APRI ya zama 0.6.

A ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024, mai ɗauke da cutar wanda APRI ɗinsa ya haura 0.5 ya cancanci fara magani, galibi tenofovir ko entecavir. Idan ya wuce 1, ana zargin hanta ta fara ƙandarewa. A ƙa'idojin 2015 sai ya wuce 2, don haka wanda aka ce wa a baya bai buƙatar magani ya kamata ya koma a sake duba shi.

Sai dai lissafin yakan yaudari mutum. Zazzaɓin cizon sauro, musamman da damina, yana rage filatilet, sai lambar ta hau alhali hanta ba ta da tabo. Giya da wasu magunguna, har da jiƙe-jiƙen gargajiya, suna ɗaga AST. Ku gaya wa likita duk abin da kuke sha. Idan an yi gwajin ana cikin zazzaɓi, a nemi a maimaita bayan an warke, kuma kada a fara magani ko a daina sha ba tare da izinin likita ba.