Miksar analog a ɗakin naɗar sauti

Miksa na'ura ce da ke karɓar sauti daga makirufo da kayan kiɗa da yawa lokaci guda, ta ƙara wa kowanne ƙarfi, ta daidaita kaifinsa da kaurinsa, sannan ta haɗa su ta fitar. Ana ce mata ta analog idan sautin yana ratsa ta a matsayin lantarki tun daga shiga har fita, ba tare da an mayar da shi lambobin kwamfuta ba. Aikinta a situdiyo ya sha bamban da na filin wa'azi ko gidan biki. A can, buƙata ita ce jama'a su ji. A situdiyo kuwa ana so a adana muryar kowa a layinta daban, domin a dawo a gyara ɗaya ba tare da an taɓa saura ba.

Wannan dabara ta naɗa layi-layi a Amurka ta bunƙasa. A 1957 kamfanin Ampex ya ƙera wa makaɗin jita Les Paul na'ura mai layi 8, amma an daɗe sai manyan kamfanonin faifai ne ke iya sayen irinta. Abin ya fara saukowa hannun talaka a 1979, lokacin da Tascam ya fito da Portastudio mai ɗaukar layi 4 a kan kaset. A farkon shekarun 1990 kuma ADAT ta kamfanin Alesis, mai layi 8, da miksocin Mackie masu sauƙin kuɗi suka sa aka fara buɗe situdiyo a cikin gidaje.

A Kaduna, tarihin naɗar sauti yana tare da gidan rediyon da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, wanda ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978, yana nan a titin Yakubu Gowon. Ta nan muryoyin makaɗa irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos suka karaɗe Arewa. Galibin ɗaukar wancan zamani a zama ɗaya ake yin ta: ayari ya jeru, ma'aikaci ya daidaita sauti nan take, abin da ya hau tef ya hau ke nan. In ɗan amshi ya shigo ba kan gaɓa ba, sai dai a sake daga farko ko a haƙura. Daga ƙarshen shekarun 1990 waƙoƙin finafinan Hausa suka jingina da fiyanon Yamaha, ƙananan situdiyo suka yawaita a Kano, Kaduna da Jos, daga baya kwamfuta ta maye gurbin tef.

Saboda haka ba kowane mai situdiyo ne ke buƙatar miksa ba. Wanda aikinsa mawaƙi ɗaya ne da fiyano, akwatin shigar da sauti cikin kwamfuta mai baki biyu ya ishe shi. Miksa tana amfani ne idan jama'a za su yi aiki tare: mawaƙi da 'yan amshi da makaɗan kalangu, ko masu bege da bandiri, ko 'yan wasan kwaikwayon rediyo. Kalangu misali ne mai kyau. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, sauti na hawa yana sauka daidai inda muryar mutum take, don haka yakan danne baitin mawaƙi. In yana layinsa daban, sai a ɗan sassauta shi a daidai wurin. In an riga an cuɗe su, babu gyara.

Kuskuren da masu saye suka fi yi shi ne ƙirga mashigai su manta da mafita. Miksa na iya karɓar makirufo 16 amma layi biyu kacal take miƙa wa kwamfuta, hagu da dama. Yamaha MG10XU ma layi biyu take miƙawa, haka ma yawancin ƙananan Behringer Xenyx masu USB. Ba laifinsu ba ne, ba don wannan aiki aka yi su ba. Abin dubawa shi ne bayan na'urar: shin kowane layi yana da mafitarsa ta kai-tsaye? Allen & Heath MixWizard mai layi 16 tana da ita a kowane layi, Mackie 1604 kuma a layi 8 na farko, sai dai duka biyun suna buƙatar akwatin shigar da sauti mai bakuna daidai adadin, da tarin wayoyi, kuma dole a sa wannan cikin lissafi. Akwai miksocin da suka haɗa komai. Soundcraft Signature 12 MTK da 22 MTK suna aika kowane layi ta wayar USB ɗaya. Tascam Model 24, wadda ta fito a 2018, tana naɗa kai tsaye a katin SD ko babu kwamfuta. Tsohuwar ZED-R16 na'ura ce mai kyau, amma da FireWire take aiki, wanda sababbin kwamfutoci ba su da bakinsa.

Ya kamata kuma ta iya ba da wutar bolt 48 da makirufon situdiyo ke buƙata. Miksa mai amfilifaya a ciki, irin ta masallatai da masu hayar lasifika, ba ta dace ba. Ƙarar fankarta kaɗai tana shiga ɗauka.

Yanayin Kaduna yana da nasa sharuɗɗan. Wutar Najeriya bolt 230 ce, alhali wasu na'urorin hannu da aka shigo da su daga Amurka na 120 ne, kuma jona su kai tsaye ƙonewa ne. Sauyi tsakanin wutar gari da janareta yana buƙatar sitabilaiza, ginin da ba shi da wayar ƙasa kuma yakan haifar da gunji a lasifika da babu maɓallin da zai kawar. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana shiga ramukan maɓallan ja, sai a ji ƙaras-ƙaras duk lokacin da aka motsa su. Mayafi mai kauri a kan na'urar bayan aiki yana rage wannan matuƙa.

Ana samun kayan sauti a shagunan da ke kewayen kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da titin Ahmadu Bello, yawancinsu kuma daga kasuwar Alaba ta Legas suke zuwa. Farashi yana bin dala, ya kuma yi tsalle tun bayan da aka saki naira a 2023, abin da ya tura mutane da yawa ga na hannu. Akwai jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, don haka araha mai yawa abin tuhuma ce. Mai saye ya tafi da makirufo da abin saurare na kunne, ya gwada layi ɗaya bayan ɗaya, ya murɗa kowane maɓalli, ya bar na'urar a kunne har ta ɗau zafi, domin wasu lahanin sai a lokacin suke bayyana. Ya kuma tambaya ko akwai mai gyaranta a gari.

Ga situdiyo mai ƙaramin jari, miksa mai layi 12 zuwa 16 da ke fitar da kowane layi daban ta fi mai layi 32 da ke cuɗe su zuwa biyu.