Aïchatou da A'ishatu: Sunan da Iyaka ta Raba

Duk mai bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Kamba ta Kalgo da Bunza ya san 'yan uwanmu na Gaya da Dosso, waɗanda ke rubuta sunan 'yarsu Aïchatou. Yanzu har 'yan matan Gwandu sun fara sa Aïcha a Facebook, wasu na ɗauka sunan Faransawa ne. Rigar kawai ta Faransa ce. Sunan kuwa A'isha ne, na Larabci, ma'anarsa rayayya, mai rai, kuma an gaje shi daga Uwar Muminai, matar Annabi (SAW).

"Tu" ɗin ƙarshe ma daga Larabci ya zo. Malamai na karanta sunan da cikakken wasalinsa, A'ishatu, kamar yadda aka samu Zainabu da Ramatu. A rubutun ajami sifarsa ɗaya ce daga Gwandu har Say.

Bayan an raba mulkin daular Usmaniyya a 1812, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya riƙi yamma, kuma ƙasashe irin su Say da Birnin Gaure da Liptako suka bi Gwandu. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a taswira daga Say zuwa Barruwa ta bakin tafkin Cadi, suka yi ta gyara shi har 1906. Gwandu ta faɗa hannun Ingilishi a 1903, Say da Dori suka zama na Faransa. Daga nan kowane magatakarda ya rubuta abin da kunnensa ya ji da haruffan ƙasarsu. Bafaranshe na rubuta "sh" da "ch", "u" da "ou", sannan ya ɗora ɗigo biyu kan "i" don a furta shi daban da "a". Haka A'ishatu ta zama Aïchatou, Zainabu ta zama Zeinabou.

Da wannan rubutu sunan ya shiga ofis. Aïchatou Mindaoudou da Aïchatou Boulama Kané duk sun riƙe ministar harkokin wajen Nijar. A 1996 kuma waƙar Aïcha ta Khaled, mawaƙin Aljeriya, ta ƙara yaɗa shi a Turai.

Inda abin ke ciwo shi ne takardu. Yarinyar da aka haifa a Gaya, aka aurar da ita Kalgo, za ta iya samun Aïchatou a takardar haihuwa, Aisha a katin NIN, Aishatu a banki. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ce, sai a tura ta kotu rantsuwa. Iyaye su zaɓi rubutu ɗaya tun ranar suna, su tsaya a kai. A cikin gida kuwa, kakarta ba ta taɓa ruɗewa ba, don da ma Indo take kiranta.