Daga Kulob ɗin Rediyo zuwa Salula: Muryar Talaka a Labaran Nijar

Tun kafin salula ta shiga aljihun kowa, Nijar ta taɓa gwada sanya muryar talaka cikin labarai. An buɗe gidan rediyon ƙasa a 1958, shekara biyu kafin samun ƴancin kai, kuma a 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, waɗanda malaman makaranta ne suka fi jagorantarsu. Mutanen gari kan taru su saurari shiri kan noma ko kiwon lafiya, sannan su tattauna. Malami yakan ɗauki maganganunsu a na'ura ya aika Yamai, inda ma'aikata ke tacewa su haɗa sabon shiri. Ta haka manomi ya fara jin muryarsa tana fitowa daga akwatin rediyo.

Sai dai gidan na gwamnati ne, ita ke zaɓen abin da za a watsa. Ƙofar ba ta buɗe sosai ba sai da jaridar Haské ta fito a 1990, aka kuma yi Babban Taron Ƙasa a 1991. Gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani suka biyo baya, mai sauraro ya samu damar bugo waya ya faɗi ra'ayinsa kai tsaye.

Zuwan Facebook da WhatsApp ya kawar da mai tacewar gaba ɗaya. Wanda ya ga ambaliya a Maraɗi ko gobara a kasuwar Damagaram yakan yaɗa hoton kafin ɗan jarida ya iso wurin. Gaskiya na tafiya da wannan saurin, haka ma jita-jita. Hukuma ta mayar da martani da dokar laifukan intanet ta 2019. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi daga cikinta, a 2024 kuma gwamnatin soja ta maido da shi. Mai yaɗa labari da salularsa yana ɗaukar kasadar da ɗan jarida ke ɗauka, ba tare da horo ko edita a bayansa ba.

A nan ne tsarin 1962 ke da abin koyarwa ga tsofaffin kafofin. Ba za su riga salula kai labari ba, amma suna da abin da ba ta da shi: sanin yadda ake tantance magana, da suna da za a tuhuma idan an yi ƙarya. Aikinsu shi ne su karɓi rahoton mutanen gari, su binciki tushensa, su kare wanda ya aiko, sannan su watsa shi cikin harshen da ake ji. Malaman da suka riƙe na'urar ɗaukar murya a wancan zamani suna da magada a ajujuwan yau, kuma koya wa ɗalibi tambayar asalin labari kafin ya tura shi gaba ci gaban wancan aikin ne.